Na Ga Allo, Littafi Ya Gagare Ni

Duk wadda ta san ni tun muna JS 1 ta san a layin ƙarshe nake zama, jikin taga. Babu abin da malami zai rubuta a allo da ba zan karanta daga can ba, ko da allin ya dushe. Ƙawata da ke layin farko takan waiwayo ta tambaye ni abin da aka rubuta a ƙasan allo. Ranar ziyara kuwa, tun motar gidanmu na bakin ƙofar makaranta nake gane ta. Har laƙabi aka yi mini a ɗakin kwana, wai mai idon shaho.

Sai ga shi zangon nan na dawo hutu da tabarau a fuska. Tun ranar nake shan tambaya iri ɗaya: "Ke da kike ganin komai, me ya haɗa ki da gilashi?" Wasu ma sun yanke hukunci cewa gayu ne kawai. Na gaji da ba da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta a nan kowa ya karanta. Wataƙila ma akwai wadda ke cikin halin da na shiga ba ta sani ba.

Abin ya fara damuna sosai da muka shiga SS 1, lokacin da littattafai suka ƙara kauri, rubutunsu kuma ya ƙara ƙanƙanta. Da rana a aji lafiyata ƙalau. Amma da zarar an buga ƙararrawar karatun dare na buɗe littafi, minti ashirin ya yi yawa sai in ji goshina ya ɗaure, idanuna suna zafi suna ruwa. Harufa su yi biji-biji, in ƙifta ido su dawo, can su sake gudu. Sai in kifa kaina a kan tebur in huta, daga nan barci ya ɗauke ni. Sau nawa aka rubuta sunana cikin masu barci a firef, ni kaina ban san adadi ba. Na yi shara, na yi wankin banɗaki, na yi yankan ciyawa.

Ranar jarrabawa ta fi kowace rana wuya, musamman idan takardar tambayoyi hoto aka yi mata aka rage girman rubutu don shafi ɗaya ya ɗauke. Awa ta farko nakan yi ƙoƙari, a ta biyu kuwa sai in karanta tambaya sau uku ban fahimta ba. Na faɗo daga ta 4 zuwa ta 19. A katin sakamakona aka rubuta cewa ina da ƙwaƙwalwa amma ba na maida hankali. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, abin da ya gani ya rubuta. Ni ma haka na ɗauki kaina. Na yarda cewa lalaci ne ya kama ni.

A gida Umma ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ke ɓoye a jikina, aka sayo magani a kemis. Da ciwon kai bai daina ba aka ce ko taifod ne. Babu wanda ya kawo zancen ido, kuma da dalili. A wannan shekarar ma'aikatan lafiya sun zo makaranta gwajin ido. Suka rataye allon nan mai manyan harufa a sama da ƙanana a ƙasa, aka tsayar da mu nesa da shi da mita 6. Na karanta har layin da ake so, aka rubuta mini 6/6, aka ce in wuce. Ƙawata ta layin farko ta tsaya a layi na uku, aka ba ta takarda ta kai gida. Ita kowa ya tausaya mata. Ni kuwa na samu shaidar cewa idona lafiya lau, saura lalaci.

Gwaggona, ƙanwar Abba, ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Da na je hutu wajenta, ta lura cewa duk sanda na ɗauki littafi sai in tamke fuska, in yi ta murza ido, in ajiye. Ta tambaye ni, na ce ai an gwada ni a makaranta an ce 6/6. Ta ce, "Shirya gobe mu je asibitin ido. Gwajin makaranta daban, wannan daban."

A asibiti ma da farko na karanta allon tsaf. Sai likita ya sa aka ɗiga mini magani a idanu biyu, aka ce in zauna in jira fiye da rabin awa. Da aka mayar da ni gaban allon nan da na gama karantawa ɗazu, sai na ga ya koma hazo. Hankalina ya tashi, na ce wa Gwaggo maganin ya lalata mini ido. Likita ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Maganin ya sa naman da ke yi miki wahala ya huta ne na ɗan lokaci. Abin da kike gani yanzu shi ne ainihin idonki idan ba ya yunƙuri." Ya ɗora mini wani firam mai nauyi, yana sa gilashi yana cirewa, har allon ya dawo garau. Ya rubuta +2.50 a katina, a samansa kuma wata doguwar kalma mai harufa 13: hypermetropia.

Da muka dawo gida Abba ya tambayi abin da aka gano. Gwaggo ta fassara masa yadda aka saba faɗa, ta ce ai tana da hangen nesa ne. Abba ya yi dariya ya ce, "To, ai wannan abin yabo ne! Yaushe hangen nesa ya zama ciwo?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma daga baya na zauna na yi tunani, na ga cewa wannan sunan shi ne ya ɓatar da ni shekara guda. Shi ya sa da muka dawo makaranta na bi malamin Fiziks da katina, na ce ya taimake ni in san abin da kalmar take nufi.

Ga abin da na koya. Kalmar, wadda za mu iya furtawa haifametrofiya, daga harshen Girka aka ƙera ta da gaɓoɓi uku. Na farko yana nufin zarcewa ko wuce iyaka, na biyu awo, na uku ido. Akwai gajeriyarta, haifarofiya, wadda aka cire mata gaɓar awo. Ma'anarsu ɗaya. Likitocin Amurka sun fi amfani da gajeriyar, littattafanmu kuma, da suka bi tsarin Ingila, sun fi kawo doguwar. Idan kun lura, babu wata gaɓa a cikinta da ta ce mai ita yana gani nesa fiye da kowa. Turancin kasuwa ne ya kira abin dogon gani ko gani mai nisa, mu kuma muka ɗauko muka ce hangen nesa.

To, mene ne ya zarce? Malam ya zana mini ido a takarda. Ƙwayar idon babban mutum tsawonta daga gaba zuwa baya kamar milimita 24 ne. Haske yana shiga ta tantani mai garai-garai da ke gaba, ya ratsa wani ɗan madubi da ke ciki. Su biyun suna lanƙwasa hasken don ya haɗu a wuri ɗaya daidai kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda ke aika saƙo ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar ido ta ɗan gaza tsawo, ko kuma gabanta bai lanƙwashe sosai ba, hasken yakan isa tantanin baya tun bai gama haɗuwa ba. Da zai iya wucewa, a bayan ido zai haɗu. Mahaɗar hasken ce ta zarce, ba ƙarfin gani ba. Abin mamaki, ragin milimita ɗaya kacal ya isa ya jawo matsala kamar tawa.

A nan akwai tarkon da ke kama mu a jarrabawa, ku riƙe shi da kyau. Mai dogon gani idonsa gajere ne, hoto na faɗuwa a baya, gilashinsa mai tudu ne a tsakiya, alamarsa +. Mai gajeren gani, wato mayofiya irin ta ƙawata, idonsa dogo ne, hoto na faɗuwa tun bai kai ba, gilashinsa mai kwari ne a tsakiya, alamarsa −.

Na tambayi Malam, in haka ne, yaya aka yi nake karanta allo har na ci gwajin makaranta? Ya ce sirrin yana wajen ɗan madubin nan na cikin ido. Akwai wani nama da ya kewaye shi, idan ya matse sai madubin ya ƙara kumbura, ya ƙara ƙarfin lanƙwasa haske. Ido mai daidaiton awo ba ya buƙatar wannan aiki sai zai duba abu na kusa. Idan ya kalli nesa, hutawa yake yi. Nawa kuwa ko allo zan kalla sai naman ya matse don ya cike giɓin, in na buɗe littafi ya ƙara wani matsin a kan na farko.

Ana auna ƙarfin gilashi da ma'aunin da ake kira diyofta. Don karanta littafin da ke nesa da ido da santimita 33, ido mai daidaito yana yunƙurin diyofta 3. Ni sai na fara biyan bashin 2.50, sannan in ɗora 3, ya zama 5.50, kusan ninki biyu ke nan. Idon matashi na iya yin hakan, domin madubinsa na da taushi. Amma ku tuna ɗaukar bokitin ruwa daga famfo zuwa ɗakin kwana. Kowa na iya ɗauka. Bambancin shi ne sauran suna saukewa su huta, ni kuwa tun daga farkawa har kwanciya bokitin na kaina, lokacin firef kuma a ƙara mini wani a hannu. Ciwon kai da barcin nan gajiya ce. Maganin da likita ya ɗiga mini sauke bokitin ya yi da ƙarfi don a ga nauyinsa na gaskiya.

Shi kuwa allon gwaji, wanda wani likitan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, ganin nesa yake aunawa. Yana kama masu gajeren gani nan take. Irina kuwa mukan matse ido na minti ɗaya mu wuce. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Na hango layin ƙarshe, amma ban tsira ba.

Akwai wani ruɗani kuma da na tarar a gida. Da Kaka ta ga tabarauna sai ta ce, "Kishiyata, ashe kin riga ni tsufa! Ba ni nan in gwada." Ta saka, ta ɗauki allura ta zura zare a karon farko, abin da ta shekara da shekaru tana kiranmu mu yi mata. Ta ce ai ciwonmu ɗaya. Abba ma yakan miƙe hannu da wayarsa can nesa kafin ya karanta saƙo. To, nasu daban ne. Sunansa firasbiyofiya, daga kalmar Girka mai nufin tsoho. Ba tsawon ido ne ya gaza ba, ɗan madubin ciki ne yake taurara da shekaru har ya kasa kumbura. Yakan fara bayyana bayan shekara 40, kuma kusan kowa zai same shi idan rai ya kai. Da yake gilashi mai alamar + ne ke taimakon duka biyun, mutane sun daɗe suna ɗaukarsu abu ɗaya. Tabarau na farko da aka yi a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13 irin wannan ne, don tsofaffi masu karatu. Sai a ƙarni na 19 wani likitan Holan, Franciscus Donders, ya rarrabe su dalla-dalla a littafinsa na 1864, ya nuna cewa yaro ma na iya buƙatar gilashi mai tudu ba tare da ya tsufa ba. Shekara 160 da ɗoriya ke nan, amma har yau idan aka ga yarinya da irin wannan gilashi sai a ce na tsofaffi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da Malam ya karɓi tabarauna a ɗakin gwaje-gwaje. Ya ce idan da gaske +2.50 ne, to a raba 1 da 2.5, ya ba da mita 0.4, wato hasken da ya taho daga nesa zai haɗu a santimita 40. Ya tsaya a ƙuryar ɗaki ya riƙe gilashin yana fuskantar taga, wata ɗaliba ta riƙe farar takarda a bayansa tana matsawa. Can sai ga hoton tagar da bishiyar darbejiyar da ke waje ya fito a takarda, ƙarami, a kife. Muka sa rula muka auna, kusan santimita 40. Ajin ya ɗauki shewa. Ranar ce na daina jin kunyar gilashina. Duk mai son ya gwada ya yi da taga, kada kowa ya kuskura ya kalli rana ta cikin gilashi.

Ba zan ɓoye muku ba, makon farko bai yi daɗi ba. An kira ni ido huɗu. Gilashi mai tudu yana ƙara wa ido girma a wajen mai kallo, sai wata ta ce na koma mujiya. Daga shaho zuwa mujiya! Wasu kuma da kyakkyawar niyya suka ja ni gefe suka ce in rage sakawa, wai gilashi na cinye ido, wanda ya fara ba ya dainawa. Na tambayi Gwaggo, ta ce gilashin da aka auna daidai ba ya rage ƙarfin ido, kuma ba ya canza tsawonsa. Abin da ke faruwa shi ne, idon da ya ɗanɗani hutu, idan aka cire gilashin sai ya ji nauyin da ya saba ɗauka ba tare da ya sani ba. Yanzu nakan zauna firef har a tashi, in rufe littafi don na gama, ba don kaina na sarawa ba.

Akwai abu guda da ya fi nawa muhimmanci. Likita ya ce abin kan bi dangi, a kawo ƙannena. Ƙaramin cikinsu ɗan shekara 4 ne, kuma tun yana shekara 2 da wani abu muke ganin idonsa na hagu na ɗan karkata wajen hanci idan ya ƙura wa abu ido. Ana cewa harara-garke ne na yarinta, zai daina. Da aka auna shi, nasa ya ninka nawa. Likita ya bayyana cewa yawancin jarirai ana haihuwarsu da 'yar haifametrofiya kaɗan, tana raguwa yayin da ido ke girma, kuma ƙarama ba ta buƙatar komai. Amma idan ta yi yawa, tsananin yunƙurin na iya jan ido ɗaya ciki. Ƙwaƙwalwa kuma sai ta yi watsi da hoton wannan idon, ya tashi da rauni. Idan aka bari yaro ya wuce shekara 7 ko 8, gyaran yakan yi wuya. Yanzu ƙanena na da ɗan tabarau mai igiya a ƙeya, kuma idan yana sanye da shi idon yakan miƙe. Da an ci gaba da jiran ya daina da kansa, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Saboda haka ina da roƙo uku.

Ga 'yan uwana ɗalibai: ba kowane ciwon kai ne daga ido ba, kuma ba kowane barcin firef ne ciwo ba, mun san junanmu. Amma idan kina ganin allo garau, sai dai karatun kusa na kawo miki ciwon goshi, zafin ido, ko harufa su riƙa ɓacewa suna dawowa, ki faɗa a gida a kai ki wajen masu auna ido. Kada ki ari gilashin ƙawarki, kada kuma ki sayi na tebur a kasuwa. Waɗancan don masu irin matsalar Kaka aka yi su, kuma sau da yawa idon dama da na hagu ba awonsu ɗaya ba.

Ga malamanmu, cikin girmamawa: kun saba gane mai gajeren gani, domin tana tsuke ido tana kwafar littafin maƙwabciyarta, sai ku dawo da ita gaba. Irinmu ba ma nuna alama a aji. Alamarmu ita ce ɗalibar da ke amsa tambaya da baki tsaf amma ta tsani karatun shiru, ko wadda ke fara jarrabawa da kyau ta ƙare da shirme. Kafin a rubuta mata rashin maida hankali, a tambaye ta yadda take ji idan ta daɗe a kan littafi. Haka nan muna roƙon a daina matse rubutun takardun jarrabawa.

Ga hukumar makaranta: Alhamis ta biyu a watan Oktoba kowace shekara ita ce Ranar Gani ta Duniya. Idan za a gayyato masu gwajin ido, a roƙe su kada su tsaya a allon mita 6 kaɗai, su tambayi kowace ɗaliba yadda take ji a karatun kusa, wadda ta yi ƙorafi a tura ta cikakken awo.

Game da suna kuwa, ni dai na daina cewa ina da hangen nesa. Wannan kalma a Hausa ta masu hikima ce, irin dattawan da ake cewa abin da suka hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Idan aka tambaye ni nakan ce ina da wahalar ganin kusa, a asibiti kuma sunanta haifametrofiya. Wanda ya ji haka ba zai taya ni murna ba, zai gane akwai abin da ke buƙatar gyara. Idan malaman Hausa da na kimiyya suna da sunan da ya fi wannan dacewa, shafin nan a buɗe yake, mu ji daga gare su a fitowa ta gaba.

Har yanzu ina layin ƙarshe jikin taga, kuma har yanzu ƙawata na waiwayowa, sai dai yanzu dukanmu da tabarau, nata − nawa +. Mai son ganin bambancin ta same mu lokacin tara, ta ɗora kowanne a kan rubutu: nata zai ƙanƙantar da harufa, nawa zai ƙara musu girma.